Ramin Da Mai Haƙa Bai Tsallake Ba

A Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya, inda layin dogo daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya nufi Jos, akwai wani malamin lissafi wanda wasan yara ya koya masa abin da bai samu a kwalejin horon malamai ba.

Sa'ad da yana yaro, a shekarun 1990, wani shago kusa da tasha yana da akwatin talabijin da na'urar wasa mai cin kaset. Yaro ya biya 'yan kuɗinsa a miƙa masa abin latsawa, ya kora wani ɗan gajeren mutum mai gashin baki, watau Mario, ya yi ta tsallake ramuka yana tattake kunkuru har ya kai ga tuta. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fito da wasan a 1985, yana da zango 32. Da yaron ya haddace su sarai, sai ya koma zana nasa a bayan littafin makaranta, da tsaunuka irin na Kagoro da ruwa mai zubowa irin na Matsirga. Bai sani ba ashe Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa su ma a takarda mai gida-gida suka fara zana nasu.

Ba shi kaɗai ne mai wannan ƙishirwa ba. A shekarar 2000 wani mai sha'awar wasan da ake kira FuSoYa ya fitar da manhajar Lunar Magic, wadda ke ba mutum damar buɗe cikin Super Mario World na 1990 ya sāke shirya zangunansa yadda ya ga dama. A 2007 wani Bajapane, T. Takemoto, ya gina wa abokinsa Kaizo Mario World, wanda ya cika da tarkuna har da tubalan ɓoye masu tare mutum yana tsakiyar tsalle. Tun daga nan sunan Kaizo ya zama laƙabin duk wani zango mai tsananin wuya.

Malamin ya samu Lunar Magic bayan ya girma ya sayi tsohuwar kwamfuta. Duk daren da aka kawo wuta sai ya zauna yana jera tubala. Ran nan ya gama wani zango mai faffaɗan rami a ƙarshe, ya kira ɗansa ya gwada. Yaro ya faɗa ramin nan ya fi a ƙirga, tun bayan la'asar har dare ya yi. Can sai ya ajiye abin latsawa ya ce, "Baba, don Allah kai ka taɓa tsallake shi?" Malam ya yi shiru. Da yaro ya kwanta ya zauna ya auna, sai ya ga ramin ya ɗara iyakar tsallen Mario da tubali guda. Ba mahalukin da zai iya haye shi.

To, wannan ita ce matsalar da Nintendo ya yi wa magani sa'ad da ya fitar da Super Mario Maker a 2015. Kowa na iya gina zango, amma ba za a karɓe shi a intanet ba sai mai ginin ya bi shi da hannunsa daga farko har tuta. Da aka ba da sanarwar za a rufe hidimar wasan ranar 8 ga Afrilu, 2024, sai wata ƙungiya mai suna Team 0% ta ƙara ƙaimi wajen cinye duk zangon da ba wanda ya taɓa gamawa. Suka yi ta fama har saura ɗaya, Trimming the Herbs, wanda bai kai minti guda ba amma ya gagari gwanaye. A watan Maris mai ginin ya fito ya amsa cewa na'ura ce ta latsa masa, ba yatsunsa ba. Aka cire zangon daga lissafi, ko da yake wani gwani ya cinye shi da hannu 'yan kwanaki kafin a rufe.

Malamin ya bi labarin nan a wayarsa, kuma ramin ɗansa ne ya faɗo masa a rai. Ya tuna sau nawa ya rubuta tambayoyin jarrabawa cikin gaggawa, yara suka fāɗi, ya ce ba su da ƙoƙari, alhali kuwa shi kansa bai zauna ya warware su cikin lokacin da ya ɗiba ba. Wuya ba laifi ba ce, gama masu wasan Kaizo wuyar suke nema. Amma mai wasa yana jure faɗuwa sau ɗari ne domin ya amince akwai hanya. In babu hanya, an ci amanarsa ke nan.

Yanzu kafin malamin ya kai takardar jarrabawa wurin bugawa, sai ya ajiye agogo a gabansa ya amsa ta tukuna. Ramin kuwa ya rage masa tubali guda, ya tsallake shi da kansa bayan faɗuwa da yawa, sa'an nan ya kira yaron. Allah ya sa masu ɗora wa jama'a kaya su riƙa fara ɗagawa su ji nauyinsa, amin.