Kuje: Darasin ciwon suga na asibiti, masu ciwon na kan hanya

Duk wanda ya bar titin filin jirgin saman Abuja ya karya zuwa Kuje da sassafe, zai ga motocin da ke fita sun fi masu shiga yawa. Ma'aikatan gwamnati ne da magina da direbobi da 'yan kasuwa, waɗanda tsadar haya ta koro daga tsakiyar birni. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 40. Da yawa suna idar da sallar asuba suke kama hanya, ba su dawowa sai bayan magariba.

Mutanen nesa sun fi sanin Kuje da gidan yarinta, amma na kusa rumbun abincin Abuja suke ce mata. Ɗaya ce daga ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, inda Gbagyi da Gade da Bassa da Hausawa da Fulani ke zaune a ƙarƙashin Gomo na Kuje. A kasuwarta za ka tarar da doya jibgi-jibgi, buhunan masara da dawa, wake, gyaɗa, kuɓewa, yalo da alayyafo. A gefe kuma ga kunun zaƙi da zoɓo da lemon kwalba a cikin ƙanƙara.

A wannan kasuwa da murhun gida ake yanke hukuncin lafiyar mai ciwon suga, ba a ɗakin likita kaɗai ba. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Shi ya sa asibitoci ke shirya wa masu ciwon zaman ilimantarwa kan abinci da shan magani da gwajin suga a gida da kula da ƙafa. Sai dai da yawa ba su zuwa, kuma yanayin garin ya isa ya nuna dalili.

Na farko, lokaci. Galibi da safe ake irin wannan zama, a ranar aiki, daidai sa'ar da ma'aikaci ke cikin cunkoson hanyar Lugbe, manomi kuma yana gona. Ga mai sana'ar hannu, yini a asibiti yini ne babu cefane.

Na biyu, nisa. Kuje ba garin kaɗai ba ce. Mutumin Rubochi ko Gwargwada ko Gudun Karya sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Babban Asibitin Kuje, balle a tura shi Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Da damina hanyoyin ƙauye kan lalace, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na acaɓa suka tashi. Wanda bai da isasshen kuɗin magani, da wuya ya kashe su wajen zuwa jin bayani.

Na uku, ciwon ba ya ihu. Mutum na iya shekaru yana harkokinsa, suga na cin jijiyoyi da ƙoda da ido a ɓoye. Sai gani ya dushe, ko ɗan rauni a yatsa ya zama gyambo, sannan a garzaya asibiti. Wasu kuma kunya ke hana su, kada a gan su a layin masu suga maganar ta kai gidan surukai. Wasu sun dogara da mai sassaƙe da ya yi alkawarin warkewa gaba ɗaya.

Akwai kuma tsoro. Mutane sun ɗauka darasin hani ne kawai: ban da tuwo, ban da sakwara, sai alkama mai tsada. Alhali abin da ake koyarwa shi ne a rage malmala, a yawaita miyar ganye da wake, a bar abin sha mai zaƙi, a riƙa tattaki. A duba ƙafa kullum, kada a taka ƙasa babu takalmi. Idan mai shan magani ya ji rawar jiki da gumi da jiri, ta yiwu suga ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi nan take. Kafin azumi a nemi shawarar likita. Kusan duk abincin da ake nufi yana nan a kasuwar Kuje.

Babban giɓin shi ne mai girki. Maigida ya ji bayani da Turanci, uwargida mai tuƙa tuwon tana gida, ba wanda ya gayyace ta. Idan ita ce mai ciwon, tukunya ɗaya ake ci, ba za ta dafa nata daban ba.

Tunda haka ne, darasin ya kamata ya bi mutane: masallaci bayan Juma'a, coci ranar Lahadi, Islamiyyar matan aure, cibiyoyin lafiya na mazaɓu, da Hausa da Gbagyi da Gade, ba sai ranar 14 ga Nuwamba da ake bikin Ranar Ciwon Suga ta Duniya ba. Kafin nan, idan akwai mai suga a gidanku, ranar ganin likita ta gaba ku tafi da mai girkin, ta yi tambayoyinta da bakinta. Allah Ya ba mu lafiya.