Amsa-kuwwa a cikin kwamfuta

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake gyaran salula da kwamfuta, ya same ni da tambaya. Layin tagulla ya tsinke a allon cikin wata kwamfuta, ya sada shi da doguwar waya. Mitarsa ta nuna wuta na wucewa, amma kile USB ta ƙi karantuwa. "Malam, ina matsalar?"

Na ji kunya, domin darasin da ke da amsar ni na tsallake musu shi, ina gaggawar shirin jarrabawa.

Na ɗauko igiyar guga, na ƙulla mata siririn zare, muka ja, na girgiza. Motsin na isa ƙullin, wani sashe ya wuce, wani ya komo hannuna. Haka saƙon lantarki yake yi duk inda hanya ta sauya masa. USB 2.0 na aika bit miliyan 480 a daƙiƙa, an kuma tsara tagwayen layukanta a kan om 90. Faɗin layi, tazarar da ke tsakaninsu da nisansu daga shimfiɗar tagullar ƙasa ne ke riƙe wannan adadi. Doguwar wayarsa ta rushe shi, saƙon da ya komo yana karo da mai zuwa. Shi ya sa masu ƙera allon suke sa rezistans a ƙarshen layi ta shanye saƙon, kada ya dawo.

Ya cire wayar, ya sa guntuwa, kwance daf da ƴar'uwarta. Kile ta karantu.

Igiyar tana cikin ajina tun ranar Litinin.