Rumbun Da Na Gina A Bayan Rauta

Na san da yawanku kuna jin haushina tun bara, musamman masu bugo waya suna tambayar ina kashi na uku, har wata baiwar Allah daga Jega ta ce ko dai na kashe jarumar ne na rasa bakin faɗa. Ban kashe ta ba. Kwamfuta ce ta haɗiye ta, ita da babi goma sha bakwai da na kwashe wata bakwai ina rubutawa.

A cikin Afrilu abin ya faru, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40. Kusan mako uku laftof ɗina tana wani ƙas-ƙas daga ciki, ni kuwa na ɗauka ƙurar hunturu ce ta maƙale mata. Ran nan bayan La'asar na kunna ta a ɗakina da ke Nasarawa, sai baƙin allo. Mai gyara ya buɗe, ya girgiza kai ya ce faifan ajiyar ya mutu, sannan ya yi mini tambayar da ta fi mari zafi: "Hajiya, kina da kwafi?" Ina da filash kam, amma rabon da in zuba masa wani abu tun Disamba, babi huɗu kacal na samu a ciki. Wallahi ban ci abinci ba a daren.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne, a da hakan ba ta faruwa da mu. Lokacin da na fara rubutu da biro nake cika littattafan makaranta, in ba direba ya kai Kano, a buga a kwamfuta a zuba a diskit ɗin nan da ba ya ɗaukar fiye da megabait 1.44. Diskit ya sha lalacewa, amma rubutun hannuna na nan cikin akwati, sai dai a sake biyan mai bugawa. Ashe takarda ce rumbuna ban sani ba, ranar da na daina taɓa biro na rushe shi da hannuna.

Ɗan yayana da ke karatu a Kwalejin Waziri Umaru shi ya zo mini jaje. Na ce masa kowa na cewa in riƙa ajiyewa a intanet, amma ni data na ci mini kuɗi, sabis kuma yau akwai gobe babu, ga shi mun ga yadda OkadaBooks ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 marubuta suka shiga kwashe kayansu. Bai yi musu ba, sai ya ɗaga rautar da ke kan talabijin ya juya bayanta.

"Gwaggo, wanga rami kin san aikin mi shika yi?"

Shekara uku ina da rautar nan, ban taɓa lura da ramin USB a jikinta ba. Ya ce in aka soka faifan ajiya a nan, duk wata kwamfuta ko waya da ke kan wayfai ɗin gidan za ta iya zuba masa kaya ta iska, kuma ko kobon data ba zai tafi ba, don maganar a cikin gida take tsayawa. Wannan ta ƙarshen ita ta saye ni. Ƙananan MiFi na aljihu dai galibi ba su da wannan ramin, sai ku duba naku kafin ku kashe kuɗi.

Na sayi faifai mai terabait 1, na kuma sa sharaɗi cewa ni zan yi komai da hannuna, shi nasa baki ne kawai, don kada gobe ya tafi bautar ƙasa ya bar ni da abin da ban san kansa ba. Da farko muka tsara faifan a tsarin NTFS, saboda tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, ni kuwa ina da bidiyon bikin 'yata. Muka soka shi, na buɗe burauza na rubuta 192.168.0.1, adireshin da ke manne a gindin rautar tare da kalmar sirrinta. A ciki akwai sashen USB, nan na kunna rabon fayil da ake kira Samba.

Daga nan rigima ta fara. Sabuwar laftof ta rantse ba ta ga komai ba. Har Isha'i muna fama kafin yaron ya gano cewa rautar tana magana ne da tsohon yaren rabon fayil mai suna SMB1, wanda Windows ta daina kunnawa da kanta tun 2017, shekarar da cutar kwamfutar nan WannaCry ta bi ta wannan ƙofa ta kulle na'urori a ƙasashe fiye da 100, har da asibitocin Ingila. Ana iya sake buɗe ƙofar, amma ya ce bai yarda ba, gara mu sabunta manhajar cikin rautar. Muka yi, Allah Ya taimake mu sabuwar ta zo da sabon yaren. Sai ga faifan ya bayyana, na ba shi harafin Z.

Akwai abu guda da shi bai yi tunaninsa ba, ni na tuna masa. Kalmar sirrin wayfai ɗina rabin layinmu sun san ta, yaran maƙwabta a bakin ƙofata suke kwana. In na bar faifan a buɗe, babin da ban gama ba zai riga ni shiga zaurukan WhatsApp, kuma duk marubuciyar da aka taɓa yi wa haka ta san ciwon abin. Saboda haka muka yi wa faifan suna da kalmar sirri tasa daban, na canza ta wayfai ɗin ma, aka yi kwana biyu ana gaishe ni a ɗage.

Mataki na ƙarshe shi ne File History da ke cikin Windows. Na nuna masa faifan Z, shi ke nan, duk bayan awa ɗaya yake kwashe abin da na canza ba tare da na tuna ba, kuma yana riƙe tsofaffin kwafi. Wannan ne maganin ciwona, don filash bai taɓa ƙin karɓar kaya ba, ni ce ba na tunawa da shi. Kwashewar farko ta cinye dare guda, rauta ba ta da sauri. Na kuma saya mata ƙaramin batirin nan da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, don yankewar wuta ana tsakiyar rubutu kan lalata fayil.

Washegari ya ce in goge babi na biyu da gangan. Na ce ba ka da hankali. Ya ce rumbun da ba a taɓa ɗiba ba, ba a san ko gara ta cinye ba. Hannuna na rawa na goge, na shiga File History na danna, sai ga babin ya dawo har da kuskuren da na yi a layin farko.

Duk da haka hankalina bai gama kwanciya ba. Laftof da rauta da faifai duk a ɗaki ɗaya suke, ɓarawo ɗaya ko gobara ɗaya ta ishe su, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a fadamar nan ya san ruwa ba ya sallama. Sai na ƙara sayen wani ƙaramin faifai. Duk ƙarshen wata nakan cika shi in sa a jaka in hau motar Argungu, in kai wa ƙanwata. Ranar farko ta juya shi ta ce, "Yaya, batirin waya ne?" Na ce littattafaina ne kaf. Ta naɗe shi a ɗankwali ta tura cikin kwallar da take ɓoye sarƙarta.

Kashi na uku kuwa ina babi na goma sha ɗaya. Ku yi haƙuri, ba zai zo yadda na fara rubuta shi ba, don a wancan da ya ɓace jarumar ta koma gidan mijin, a wannan kuwa na yi na yi ta ƙi komawa.