Jitar Bes a Gidanmu

Ƙasarmu ƙasar kiɗa ce. Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙasar Bakura aka haife shi, da Maradun kuma aka san shi. Sa'idu Faru ma ɗan ƙasar Maradun ne. Duk wanda ya saurari kotsonsu ya sani muryar mawaƙi ba ta tafiya ita kaɗai, sai da abin da zai tallafe ta daga ƙasa. A ƙungiyar mawaƙa ta majami'a, jitar bes ce take wannan aiki tare da ganga.

Mu iyali ne a Talata Mafara, muna noman shinkafa da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978. Sa'ad da ɗanmu na fari ya ce, "Baba, Mama, ina so in koyi bes," ba mu amsa a ranar ba. Kuɗin kayan ya kai buhunan shinkafa da dama, ga kuma kuɗin makarantar ƙannensa. Amma muna ganin yadda zaman banza yake cin samari a wannan lokaci na rashin kwanciyar hankali, har wasu iyaye ba su san inda 'ya'yansu suke yini ba. Muka yi addu'a, muka yarda, bisa sharaɗi cewa gona da makaranta ba za su ragu ba.

Bes tana kama da jita, amma ta fi ta tsawon wuya da kaurin tsirkiya. Yawanci tsirkiyarta huɗu ce, ana saita su E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya. Wani Ba'amurke, Leo Fender, shi ne ya sa ta bazu a duniya da irin da ya fitar a 1951. Tsawon tsirkiyar da ake kaɗawa inci 34 ne, amma akwai ta inci 30 domin mai gajeren hannu. Akwai masu tsirkiya biyar ko shida, sai dai mai koyo huɗu ta ishe shi. Ɗan Maraya Jos ma da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna.

Ta hannu muka saya, wani ɗan'uwa mai kiɗa daga Gusau ya raka mu. Ya ɗaga ta ya leƙa wuyan daga kai zuwa gindi, kamar mai duba kibiya, ya ga bai karkace ba. Ya danna kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe na wuyan, yana sauraro ko za ta yi zuza. Sa'an nan ya sa aka jona ta, ya murɗa maɓallan duka. Ya ce mana kada mu bi ƙyallin fenti, gama fenti ba ya kiɗa.

Bes ba ta da murya sai da amfilifaya, kuma tilas ta zama irin tata. Sautin bes yana da nauyi ƙwarai, yana iya yaga lasifikar ƙaramar amfilifayar jita idan aka ƙure ta. Ƙarama ta isa koyo a ɗaki. Sauran kayan su ne waya mai kyau, da maratayi mai faɗi, domin bes takan kai kilo huɗu, da jakar ajiya. Abin saita tsirkiya kuwa ana samunsa kyauta a wayar hannu.

Ku lura da wuta. Ƙarfin wutar Nijeriya 230 ne, na Amurka kuwa 120. Amfilifayar gwanjo da aka yi domin Amurka, in aka jona ta kai tsaye, nan take za ta ƙone. Saboda haka a karanta abin da aka rubuta a bayanta tukuna. Mu kan bi da tamu ta sitabilaiza, mu kan kuma kashe ta kafin a tayar da janareta. Wata bes tana da ƙaramin batir a cikinta; in an bar waya a jone, batirin zai ƙare ko ba a kaɗa ba.

Yanayinmu ma yana da nasa. Hunturu yana busar da itacen wuyan, har bakin ƙarafan su fito suna kartar hannu, ƙura kuma ta shiga maɓallai su riƙa ƙara. Da bazara zafi yana lalata ta in an bar ta a rana ko ƙarƙashin kwano. Ɗanmu yakan share tsirkiyoyin da tsumma bayan kowane kiɗa, ya mayar da ita jaka. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake daidaita shi da ita, amma wannan aikin wanda ya iya ne.

Koyon kansa sai haƙuri. Da manuniya da ɗan yatsan tsakiya ake kaɗawa, ɗaya bayan ɗaya. Makonnin farko yatsunsa suka yi bororo, daga baya suka yi kanta. Rabin sa'a kowace rana ya fi yini guda a mako. Shugaban mawaƙa ya fara masa da do, fa, so, domin yawancin waƙoƙin sujada a kansu suke tafiya, ya ce ya sa kunne ga babbar ganga. Da dare yakan koya ba amfilifaya, gama sautin bes yana ratsa katanga. In an kira salla a unguwa kuma yakan dakata, domin maƙwabtanmu sun cancanci wannan ladabi.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne halin da bes take koyarwa. Mai kaɗa ta a baya yake tsayawa, ba safai ake yaba masa ba, amma in ya yi shiru kowa zai ji waƙar ta rame. Yaron da dā ba ya jiran a gama magana, yanzu ya koyi sauraro.

Ya ku iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta nuna sha'awa, kada ku yi saurin tsawatawa, kada kuma ku ci bashi. Ku fara roƙon shugaban mawaƙa ya ba yaron aron ta majami'a wata uku. In ya daure, ku saya masa gwargwadon ƙarfinku. Sannu ba ta hana zuwa.