Jirgi a Bakin Kwata, Hadari a Gabas

Mu 'yan Arewa mun san hadari, amma sanin mutumin tudu muka yi masa: a kwashe shanya, a kora awaki, a rufe taga. Wanda dukiyarsa ke kan ruwa kuwa, lissafinsa daban ne.

Mahaifina albasa da wake yake sayarwa a Fatakwal, kuma wani kaso na kayan ta ruwa yake tafiya Bonny, daga kwatar Nembe da ke wajen Creek Road. Ni ake turawa in tsaya a kan lodi. Sau da yawa akan gama lodi da la'asar, jirgin ya kwana sai safiya, buhunanmu na ciki, rabinsu ma bashi ne daga dillalan Aliero. To a watan Maris da Afrilu, farkon damina a nan, iska kan taso daga gabas kafin ruwa ya sauko, ba ta kuma ba da dogon notis.

Abin da ya fi ba ni mamaki wajen matuƙan nan 'yan Ijaw shi ne igiya. Hankalin ɗan tudu zai ce a ɗaure tamau. Su kuwa sai su ƙara igiya ta biyu gaba da baya, amma su bar mata rara. Dalili, ruwan nan yana cika yana janyewa sau biyu a rana, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa. In ka ɗaure tamau ruwa ya janye, jirgin zai rataya ya karkata, ko igiyar ta tsinke cikin dare. Inda take gogar katako kuma sai su naɗe ta da tsohon buhu. Tsofaffin tayoyin mota da kuke gani a gefen jirgi ba ado ba ne, su ke hana shi fashewa idan iska ta rinƙa buga shi da na kusa.

Sai tampol. Ba shimfiɗa shi kawai ake yi ba, ana tokare tsakiyarsa da sanda ya yi tozo, don ruwa ya gangare waje maimakon ya taru. Albasa dai kun san halinta, in ta sha ruwa ta kwana a rufe, ruɓa ce.

Wani dattijon matuƙi da nake kira Papa ya taɓa nuna min cewa ruwan sama shi ke nutsar da jirgin da ke ɗaure, fiye da iskar. Shi ya sa yaronsa ke kwana a ciki da yankakkiyar jarka yana kwalfewa. Nakan ba yaron kuɗin shayi da burodi daga aljihuna, wallahi ban taɓa jin ciwonsu ba.

Idan na dawo gida Baba ba ya tambayar ko an yi lodi. Cewa yake, "Wa zai kwana a ciki?"