Dare Ɗaya Da Taurari A Manawashi

Duk wanda ya je Gombe, abin da yakan komo yana ba da labari shi ne kasuwa da hatsi da yawan sababbin gine-gine. Gaskiya ne, tun da aka mai da fadar Sarki daga Nafada zuwa nan a 1919, balle da garin ya zama babban birnin jiha a 1996, bai daina faɗi ba. Amma ni abin da na komo da shi daban ne. Labarin sama zan ba ku, yadda na gan ta daga tsakar wani gida a unguwar Manawashi.

Mai masaukina tsohon malamin makaranta ne, abokin karatuna. Da ya bar aiki, 'yan'uwa suka ba shi shawara ya sayi babur ya ba da haya, shi kuwa sai ya sayo madubin hangen nesa. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, kaurinsa kamar na taɓarya, yana tsaye bisa ƙafafu uku. Gilashin da ke bakinsa, mai faɗin santimita 7, shi ke tattara haske, sa'an nan wani ƙarami da ke gindi, inda ake sa ido, ya girmama abin da aka hango. Ba a daɗe ba magana ta bazu a unguwa, wai Malam ya koma duba. Har waɗansu suka hana 'ya'yansu shiga gidan.

Ran Juma'a 3 ga Janairu, 1925 ba, 2025 nake nufi, muna idar da magariba sai ga wani dattijo maƙwabci ya yi sallama. Manomi ne, ya ba tamanin baya, ga jikoki uku biye da shi. Ya ce, "Malam, na gaji da ji a bakin mutane. Na zo in gani da idona, in abin banza ne in gaya maka." Malam ya ce, "Bismilla, Baba." Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kashe fitilun gida duka, domin ido yakan ɗauki kamar minti ashirin kafin ya saba da duhu. Muka yi sa'a, ran nan hazo ya yi sauƙi.

Da wata aka fara. Jinjiri ne na 'yan kwanaki, yana rataye yamma. Baba ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba, can sai ya ce, "Ashe fuskar tasa duk zanzana ce!" Malam ya ce ramuka ne da duwatsu suka faɗa suka haƙa, kuma sun fi fitowa a kan iyakar haske da duhu, inda inuwa ke da tsawo. Tsakaninmu da shi kimanin kilomita 384,000 ne.

Kusa da watan ga Zara tana sheƙi. Baba ya yi murmushi, ya ce wa jikokinsa, "Kun ga matar wata ke nan, yau tana ɗakin miji." Amma da ya duba ta cikin madubi sai ya gan ta kamar ɓarin ƙwarya, rabi haske rabi duhu. Malam ya bayyana masa cewa ita ce Larabawa ke kira Zuhura, duniya ce kamar tamu mai kewaya rana, ba ta da hasken kanta, shi ya sa take cika tana raguwa kamar wata. Ya ƙara da cewa ita ce kuma Gamzaki na asuba. Nan fa Baba ya ƙi. Ya ce, "Haba Malam! Shekara tamanin ina ganinsu, wannan mace, wancan namiji." Malam ya ce, "To, Baba, a bar wa lokaci. Cikin watan Maris za ta ɓace daga yamma, in an jima kaɗan ka neme ta gabas da asuba."

Daga nan aka juya kan Zuhalu, wanda bai yi nisa da Zara ba. Zoben da ke kewaye da shi ya zama siriri, sai ka ce an soke goro da allura, don kuwa kimanin kowace shekara 15 yakan juyo mana gefensa. Sa'an nan Mushtari can gabas, da ƙananan ɗige-ɗige jere da shi. Waɗannan watanninsa ne, su ne Galileo mutumin Italiya ya fara hangowa a 1610, da madubin da bai kai na Malam kyau ba.

To, mai karatu, a nan ne magana ta juya. Baba ya ɗaga sanda ya nuna wani ɗan cincirindon taurari sama da Mushtari, ya tambayi jikokin sunansu. Shiru. Ya tambaye ni, ni ma na yi ta kame-kame. Ya ce, "Kaza da 'ya'yanta ke nan. In kun ga ta soma faɗuwa yamma da almuru har ta ɓace, to, a fito da iri a gyara, ruwa ya kusa." Daga nan ya shiga lissafa mana taurarin damina da ka: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, Harsan. Masaukai 28 ne a shekara, kowanne kwana 13, sai Jabaha mai 14, jimla 365 ke nan. Malam ya ɗauko takarda ya yi ta rubutu kamar ɗan aji ɗaya. Da aka saita madubi kan Kaza, Baba da ya saba ƙirga shida ko bakwai ya ga sun fi ƙarfin ƙirga. Ya ce, "Lalle kazar nan ta ɓoye mini 'ya'ya."

Na kwana ina tunanin abin nan. Madubi ya san kamannin tauraro, Baba ya san lokacinsa da amfaninsa, kuma babu wanda ya ƙaryata wani. Ilmin taurari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a kan lissafi da sanin falaki. Gombe kuwa ta dace da wuri, domin tana sama kaɗan da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, watau mai kallo yana samun taurarin arewa duka da mafi yawan na kudu. Abin da ke neman ƙwace mana su abu biyu ne: fitilun da ke haska sama maimakon ƙasa, da kuma rasuwar dattawa ba a tambaye su ba. Na farko ana iya gyarawa da 'yar hula a kan fitila. Na biyu in ya wuce ya wuce.

Cikin watan Afrilu Malam ya aiko mini da saƙo. Ya ce Baba ya buga masa ƙofa bayan sallar asuba, ya ce a fito da madubi. Ya duba Gamzaki ya gan shi siriri kamar lauje, ya ce, "Ita ce. Ashe zagayowa take yi." Yanzu yaran unguwa kan taru a gidan, Malam na saita madubi, Baba na faɗin sunaye.

Wanda ba shi da madubi kada ya ce ba shi da rabo. Ya kashe fitila, ya nemi tsohon unguwarsu tun yana da sauran gani. Wanda ke da shi kuma, gargaɗi ɗaya: kada ya kuskura ya dubi rana da shi, don yanzun nan sai ta makantar da mutum.