Jar Wutar Baya

Duk mazaunin Ojoo ya san yadda tireloli ke shigowa daga hanyar Oyo da daddare. In fitilar birkinka ta mutu, direban baya ba zai san ka tsaya ba sai ya hau kanka. Shi ya sa Baba ya ɗora mini duba motarmu ta ɗaukar albasa kafin a fita. Ƙanena ya taka birki, ni ina baya ina kallo. In ɗaya ta ƙi kamawa, galibi ƙwan ne, mai zare biyu: wat 21 na birki, wat 5 na dare. Sai in murɗo shi in sa irinsa. In duka biyun ne, sai in duba fis da makunnin jikin feda. Allah ya kiyaye hanya.